Yadda Ake Shirin Dashen Haƙori a Kaduna: Lissafin Kuɗi da Zaɓen Likita

Wanda haƙorinsa ya fita, ko aka cire masa, idan ya fara tunanin dashe, abin da yake fara tambaya shi ne nawa ne. Tambayar tana kan hanya, amma idan ita kaɗai ka riƙe ka shiga asibiti, za ka fito da lamba ɗaya wadda ba ta faɗa maka komai ba. Wani wurin kuɗin ƙarfen da za a kafa a ƙashi kawai zai gaya maka. Wani zai haɗa har da haƙorin da za a ɗora a sama. Wani kuma sai an riga an fara aiki sannan ka ji akwai ƙarin abin da ba a ambata ba tun farko. Dashen haƙori aiki ne na watanni, hawa-hawa ake yin sa, kowane hawa da kuɗinsa. Abin da kake saye shi ne aikin gaba ɗayansa, tare da likitan da za ka iya komawa wurinsa bayan shekara biyar ka same shi.

Da farko, ka san abin da za a sa maka a baki

Dashe kashi uku ne. Akwai ƙaramar kusa mai zare, ta ƙarfen taitaniyom, wadda ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta tsaya a madadin saiwar haƙori. Tsawonta yawanci bai fi milimita 8 zuwa 13 ba. Akwai mahaɗi da ake ɗaurawa a kanta ya leƙo ta cikin dasashi. Sai kuma haƙorin da ido ke gani, wanda ake ƙerawa daidai da girma da launin sauran haƙoranka a ɗora a kan mahaɗin.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne ƙashi yana kama taitaniyom ya manne da shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da haka a 1952, kuma a 1965 ya fara yi wa mutum dashen. Wannan kamawar ita ke cin lokaci: wata uku zuwa shida, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin kamawa saboda ƙashinsa ya fi tauri. Babu kuɗin da zai sa ƙashi ya yi sauri.

Kada ka haɗa shi da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi. Wannan rufi ne ake yi wa haƙorin da yake nan da saiwarsa. Ba kuma haƙorin roba ba ne da ake cirewa da dare a sa a ruwa. Akwai hanya ta uku da ake kira gada, inda ake fiƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin a rataya sabon a tsakaninsu. Haƙorin roba shi ne mafi sauƙin kuɗi, gada na tsakiya, dashe shi ne mafi tsada. Fifikon dashe shi ne ba ya taɓa lafiyayyun haƙoran maƙwabta, kuma yana taimakawa ƙashin wurin ya daina zaizayewa.

Na biyu, ka tabbata dashen ne ya dace da kai

Idan haƙorin yana nan ba a cire ba tukuna, dakata. Tambayi likita ko za a iya ceto shi ta hanyar cire jijiyarsa a cike shi a yi masa hula. Sau da yawa wannan ya fi dashe araha nesa ba kusa ba, kuma babu ƙarfen da ya kai haƙorin da Allah ya halitta maka. Ina jin takaicin yadda mutane ke cewa "a cire kawai in huta" saboda zafin dare ɗaya, bayan shekara biyu kuma su dawo neman abin da zai ci musu ninkin-ba-ninkin kuɗin.

Idan kuwa ya riga ya fita, kada ka bar giɓin ya daɗe ba a duba ba. Ƙashin da ya riƙe saiwar yana fara raguwa tun a watannin farko, haƙoran gefe su karkato, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya zubo. Duk wannan ƙarin aiki ne, ƙarin kuɗi ne.

Sai maganar lafiyar jiki, kuma a nan ɓoye-ɓoye ba ya amfanar kowa. Mai ciwon suga zai iya yin dashe, amma sai sugan ya daidaita. Likita na gari zai nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Taba da shisha suna hana rauni warkewa, kuma dashe ya fi lalacewa a bakin masu sha. Idan kana shan maganin tsinka jini, ko kana da hawan jini, ciwon zuciya ko sikila, ko an taɓa gasa maka wuya ko fuska saboda ciwon daji, ko kana karɓar maganin ƙarfafa ƙashi, ka faɗa tun ranar farko. Kada ka daina shan wani magani da kanka; likitan haƙori da likitan da ya rubuta maka shi su za su yanke. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka. Yaro kuma sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wato daga wajen shekara 18 zuwa sama, ko da haƙorin gaba ne ya karye a faɗuwar babur. Kafin nan a yi masa na wucin gadi.

Abu na ƙarshe a nan shi ne dasashi. Idan yana jini duk lokacin da ka yi asuwaki, ko haƙora suna girgiɗi, ko baki yana wari, to wannan za a fara yi wa magani. Ƙwayoyin cutar da suka cinye ƙashin tsohon haƙori za su ci na sabon ma.

Na uku, ka fara jin ta bakin wanda ba shi zai sayar maka ba

Shawarata ita ce ka fara yankar kati a sashen haƙori na babban asibitin gwamnati, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, ko Asibitin Sojoji na 44, ko ka hau mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda akwai ƙwararru a tiyatar baki da muƙamuƙi. Za ka yi zaman layi, gaskiya ne. Amma ka tambaye su abu uku: shin dashe ya dace da ni, me ya kamata a fara gyarawa, kuma idan ba a yi a nan, ina kuke tura mutane? Da wannan amsar a hannu, duk asibitin kuɗin da ka shiga daga baya za ka san ko ana faɗa maka gaskiya.

Na huɗu, hoto

Ido ba ya ganin ƙashi. Za a yi hoton da ke nuna muƙamuƙi duka a faifai ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta ana buƙatar wanda ake kira CBCT, mai nuna tsawo da kaurin ƙashin. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji; idan kusa ta taɓa ta, leɓen na iya mutuwa na dogon lokaci. A sama kuma, saitin turame, akwai kogon iska da ke haɗe da hanci. Hoton ne ke nuna nisan su. Wanda ya ce zai kafa maka ƙarfe ba tare da hoto ba, ka ɗauki takalminka. Kuma ka karɓi kwafin hoton, a faifai ko a wayarka, don naka ne. Da shi za ka je wani wurin ba sai an sake ba.

Na biyar, lissafin kuɗi

Kusa, mahaɗi, garin ƙashin da ake ƙara wa muƙamuƙin da ya zaizaye, har kayan da ake ƙera haƙorin, kusan duk daga waje ake shigo da su, da dala ko yuro. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a farkon 2024, kuma farashin dashe ya bi ta. Saboda haka kuɗin da ɗan'uwanka ya biya shekara uku da suka wuce ba zai yi maka jagora ba. Ka shirya jin ɗaruruwan dubban naira a kan haƙori ɗaya, kuma kada ka yi mamaki idan jimillar ta haye miliyan.

Ka je wurare biyu ko uku, a kowanne ka nemi a rubuta maka lissafi a takarda mai sunan asibitin. Ka bi shi layi-layi. Kuɗin ganin likita da hoto. Wankin haƙori da maganin dasashi. Cire ragowar saiwa idan akwai. Ita kanta kusar da aikin kafa ta. Ƙarin ƙashi, idan naka ya zaizaye, ko ɗaga kogon iskar nan na muƙamuƙin sama don kusa ta samu wuri. Haƙorin wucin gadi da za ka sa a watannin jira, musamman idan giɓin a gaba yake. Mahaɗi. Haƙorin dindindin, kuma da me za a yi shi, domin na zakoniya, wani irin farin tangaran mai tauri, ya fi na tangaran mai ƙarfe a ciki tsada. Magunguna. Sai dawowa dubiya.

Ga yadda mutane ke ruɗewa. Mu ɗauka, don misali kawai, wuri na farko ya ce naira 650,000, na biyu ya ce 1,000,000. Kowa zai karkata ga na farko. Sai ka zauna ka ce, "Likita, don Allah wannan kuɗin har da haƙorin da za a ɗora a sama?" Ya ce a'a, wannan daban ne, sai nan da wata huɗu. "To mahaɗin fa? Hoton fa?" Su ma daban. Kana haɗawa sai ka ga ya kamo na biyun ko ya wuce shi, ga shi kuma ragowar za a karɓa ne da farashin ranar, ba na yau ba. Don haka tambaya ta gaba ita ce: idan dala ta tashi kafin a gama, wa zai ɗauki bambancin? A rubuta amsar.

Sai sunan kamfanin da ya ƙera kusar. Akwai Straumann ta Suwizalan da Nobel Biocare, waɗanda suka daɗe kuma suna da tsada. Akwai Osstem da Dentium na Koriya ta Kudu da Neodent ta Birazil, masu matsakaicin kuɗi kuma sanannu. Ba dole sai mafi tsada ba. Abin da ya zama dole shi ne ya kasance kamfani mai suna wanda ake samun kayansa a Najeriya. Duk wanda ya taɓa sayen motar da babu kayan gyaranta a gari ya san wannan wahalar: ƙaramin abu ya lalace, mota ta kwanta wata da watanni. Kowane kamfani da irin zarensa da makullinsa. Idan ɗan ƙaramin notin da ya riƙe haƙorin ya saki bayan shekaru, likitan da ba shi da makullin wannan kamfanin ba zai iya ɗaure shi ba. Kowace kusa tana zuwa a rufe a kwalinta da ɗan lika mai ɗauke da suna, girma da lambar ƙira. Ka roƙi a buɗe a gabanka, a manna maka likan a katinka, ka ɗauki hotonsa ka adana.

Idan za a yi ƙarin ƙashi, ka tambayi daga ina yake. Wani daga jikinka ake ɗiba, wani na saniya ne da aka sarrafa, wani haɗin masana'anta ne, kuma siririn mayafin da ake rufe shi da shi sau da yawa daga alade ake samo shi. Wanda wannan ya dame shi saboda addini yana da haƙƙin sani kafin a sa masa, kuma akwai madadi.

Akwai halastattun hanyoyin rage kuɗi. Ba kowane giɓi ne ke buƙatar kusarsa ba: haƙora uku a jere kusa biyu na iya ɗaukarsu. Dattijon da haƙoransa na ƙasa suka zube duka, kusa biyu na iya riƙe masa haƙoran roba su daina zamewa idan yana magana ko tauna. Haƙorin ƙarshe na can ƙurya kuwa yawanci ba a ma maye gurbinsa. Inda ba a neman sauƙi shi ne ingancin kusa, tsabtar kayan aiki da hannun mai yi. Araha ba ta ado, balle a cikin ƙashi.

Game da inshora, tsarin NHIA na tarayya da na KADCHMA na jiha an gina su ne a kan kula ta yau da kullum, kuma dashe ba ya cikin abin da aka saba biya. Idan kana da inshorar wurin aiki, ka tambaye su a rubuce. Ko ba su biya dashen ba, wataƙila su ɗauki wanki ko cirewa.

Na shida, zaɓen mai yin aikin

Wanda doka ta yarda ya yi wannan tiyata shi ne likitan haƙori mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma lasisin aikinsa duk shekara ake sabunta shi. Neman ganin na bana ba rashin kunya ba ne. Akwai masu wankin haƙori da masu ƙera haƙori waɗanda su ma ƙwararru ne a fanninsu, da nasu hukumomin, amma tsaga dasashi da huda ƙashi ba aikinsu ba ne. Masu cire haƙori a shago ko a kasuwa kuwa ba sa ma cikin wannan magana.

Digiri kaɗai bai isa ba, domin dashe yana buƙatar ƙarin horo. Ka tambaya cikin ladabi: "Likita, ina ka koyi dashe, kuma shekara nawa kana yi? Kai za ka yi da hannunka ko wani ne zai zo?" Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci a Kaduna, domin yana yiwuwa asibiti ya gayyato ƙwararre daga Abuja ko wani gari ya yi aikin ya koma. Ba laifi ba ne, amma ka san sunansa, ka gan shi kafin ranar, kuma ka san wa zai duba ka idan fuska ta kumbura ranar Lahadi da dare.

Ka nemi ganin hotunan ayyukan da ya yi da kansa, musamman waɗanda suka shekara biyu ko uku. Hoton ranar da aka gama kowa nasa yana da kyau. Ka lura da ɗakin: ana fito da kayan aiki daga ledar da aka rufe aka dafa a na'urar tururi? Ana canza safar hannu? Akwai janareta ko sola idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki? Sannan ka tambayi abin da mutane ke jin nauyin tambaya: idan ƙashi bai kama ba, ya za a yi? A hannun ƙwararru fiye da 9 cikin 10 na dashe suna kai shekara 10 suna aiki, amma wasu kan ƙi kamawa ko da an yi komai daidai. Likitan kirki zai faɗa maka haka ba tare da ɓacin rai ba, ya kuma gaya maka ko zai sake kyauta ko da wani kaso. Wanda ya ce nasa ba ya taɓa lalacewa, ko ya matsa maka ka biya yau don rangwame zai ƙare gobe, ka bar shi.

Masu tunanin zuwa yin dashen a Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai su sa a lissafi cewa tafiya aƙalla biyu ce, watanni a tsakani, da tikiti da masauki da biza, kuma idan matsala ta taso bayan an dawo likitan yana wata ƙasa. Ko Abuja ce, ka ƙidaya kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa sau biyar ko shida, ba sau ɗaya ba.

Na bakwai, biyan kuɗi da zaɓen lokaci

Tunda aikin hawa-hawa ne, biya ma ya zama haka: kafin alƙalami, sai kaso ranar kafa kusa, ragowar ranar ɗora haƙori. Ka biya ta asusun asibitin, ka karɓi rasit kowane lokaci. Watannin jiran nan dama ce ta tara kuɗin kashi na biyu, ko da ta adashe ne. Amma kada ka fara idan ba ka hango yadda za ka ƙarasa ba. Ka kuma kauce wa sa ranar tiyata gab da azumi, bikin gida ko tafiyar Hajji, saboda makon farko yana son shan magani a kan lokaci da kusanci da likita.

Na takwas, ranar aiki da bayanta

Ka ci abinci kafin ka je sai in an hana ka, ka tafi da wanda zai raka ka gida. Allurar kashe wurin za a yi, idonka biyu. Za ka ji dannawa da ƙugin na'ura da ruwa mai sanyi a baki, amma bai kamata ka ji zafi ba. Idan ka ji, ɗaga hannu. Kusa ɗaya ba ta cika wuce awa guda ba. Za a ɗinke, a sa maka auduga ka cije.

A ranar farko kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka tsotsi abu da tsinken sha. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka riƙa ɗorawa a kumatu. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara sauka. Daga washegari ka riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ka tsaya a kan kunun da ya huce, fate, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar da ba yaji. Kilishi, tsire, rake, aya, ƙuli-ƙuli da goro su jira, kuma ko bayan zare ya fita, wanda ake cirewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kada ka tauna abu mai tauri a wannan gefen sai likita ya ba da izini. Taba kuwa a wannan lokacin ita ce babbar mai ɓata aiki.

Bayan an ɗora haƙorin, ƙarfe ba ya kogo, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa da cuta, ƙashi ya riƙa janyewa a hankali ba tare da zafi ba. Ka riƙa gogewa sau biyu a rana da buroshi mai laushi, ka sa zaren sakace ko ɗan siririn buroshi a tsakanin haƙora. Asuwaki yana da amfani a sauran baki, amma ba ya shiga lungun da ke ƙarƙashin dashe. Ka koma dubiya duk wata shida ko yadda likita ya tsara. Mai cizon haƙora cikin barci ya faɗa, a yi masa abin kariya na dare.

Akwai alamun da ba a jira da su sai ranar da aka ba ka: leɓe ko haɓa da suka kwana ba ji bayan allura ta sake, jinin da ya ƙi tsayawa duk da cije auduga, zafi ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, zazzaɓi, ruwa mai wari daga wurin, ko ka ji dashen yana motsi. Idan kumburin ya gangaro wuya har haɗiya ko numfashi ya fara wahala, ka wuce sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, ka tafi da katinka mai likan kusar da sunayen magungunan da kake sha.